Jinjina ga ilimin da bai taɓa kama namiji da laifi ba

A cikin duk abin da kakanni suka bar mana, babu mai ƙarko kamar iliminmu na haihuwa da gado. Ganuwar da Sarkin Kano Gijimasu ya fara ginawa wajen shekara 900 da suka wuce ta zaizaye. Damina ta ci rabonta, masu haƙar ƙasa da masu yanka filaye sun ci nasu, har wanda ya tsaya a Ƙofar Dawanau yau sai ya yi da gaske kafin ya gane inda badala ta bi. Amma ilimin nan ko tsagewa bai yi ba. Yana nan daram a zaurukan Dala da Gwammaja, ya fita ta ƙofar ya bazu Kurna da Rijiyar Lemo, ya shiga gidan mai kuɗi da na talaka, gidan ɗan boko da na wanda bai taɓa riƙe alli ba. Ya cancanci jinjina, kuma yau zan ba shi haƙƙinsa.

Ga shi da sauƙin haddacewa, babi biyu ne kacal. Na farko: idan ɗa ya fito da kyau, jinin ubansa ne. Na biyu: idan an samu tangarɗa, a tambayi uwarsa. Yaro ya sauke Alƙur'ani yana ɗan shekara goma sha biyu, sai zaure ya ɗauka, ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kyan ɗa ya gaji ubansa. Ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya, aka kama shi da wayar mutane, sai a girgiza kai a ce a nono ya tsotsa. Wane alƙali ne ya taɓa yanke shari'a da sauri haka, ba shaida, ba rantsuwa, kuma kullum gaskiya tana ɓangaren mai gida?

Kada wani ya raina shi ya ce zancen tsofaffin unguwa ne. Yana da dangi a manyan gidaje. Aristotal na ƙasar Girka, wanda ya mutu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa, ya koyar da cewa namiji ne ke ba da siffa da motsin rai, mace kuwa kayan gini kawai take kawowa, wato jininta. A wajensa haihuwar 'ya mace alama ce ta aikin da bai kammala ba. Sai dai ya yi sake, ya bar wata kafa: ya ce hakan na faruwa ne idan ƙarfin namijin ya gaza rinjayar abin da ya tarar. Namu ya fi nasa tsafta, ya toshe wannan kafa da laka. Wasu Girkawan kuma sun ce ɗan marainan dama ne ke kawo maza, na hagu mata, har a Faransa ta ƙarni na 18 akwai masu ba mai neman magaji shawarar ya ɗaure na hagun. Madalla da basirar magabatanmu da ba su karɓi wannan babi ba. Ina amfanin ilimin da zai sa a ɗaure wa mai gida wani abu, alhali ga mace a ɗaki da za a iya ɗura wa sassaƙe?

Ko da madubin ƙara girman abu ya zo, bai karya shi nan take ba, sai ma ya ƙara masa kwarjini. A 1677 wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, ya ba da labarin ƙananan halittu masu wutsiya da ke iyo a cikin maniyyi. A 1694 ɗan ƙasarsu Nicolaas Hartsoeker ya buga zanen wani ɗan mitsitsin mutum, ya duƙunƙune gwiwa a ƙirji, zaune cikin kan ƙwayar maniyyi. Bai ce ya gan shi ba. Ya dai tabbata yana ciki. Wannan ita ce babbar baiwar ilimin da nake yabo, a Turai ko a Kano: ba ya buƙatar gani kafin ya tabbata. Mutum cikakke yana jikin ubansa tun farko, uwa masauki ce ta wata tara, in baƙo ya fito da naƙasa to masaukin ne bai da kyau.

Kuma sarakuna sun yi masa hidima. Henry na Takwas, Sarkin Ingila, ya raba ƙasarsa da Paparoma a 1534 don ya rabu da matar da ta bar masa 'ya mace kawai. Ta biyu, Anne Boleyn, ita ma mace ta haifa masa, kuma a 1536 aka fille mata kai bisa tuhumar da masana tarihi da yawa ba su yarda da ita ba. Mata shida ya aura. Ɗa namijin da ya samu da ƙyar ya mutu yana da shekara 15. 'Yar da aka yi baƙin cikin haihuwarta, Elizabeth, ta riƙe Ingila shekara 44. Mu nan, alhamdu lillahi, mun fi Henry tausayi. Ba ma fille kai. Takarda ce 'yar layi biyu, a miƙa wa mace da jego a jikinta, ta tattara 'ya'yanta mata huɗu ta koma gidan ubanta.

Inda na fi sara wa ilimin nan shi ne yadda yake zama lafiya a ƙwaƙwalwar mutumin da ya san akasinsa. Ka fita ta Ƙofar Dawanau ka miƙe hanyar Katsina, ka wuce Bachirawa, za ka isa kasuwar hatsi ta Dawanau, wadda ake lissafawa cikin mafi girma a Afirka ta Yamma. Tsaya ka kalli manomin da ya zo sayen iri gab da faɗuwar damina. Zai damƙi wake ya murza, ya busa, ya ciza, ya ɗaga shi a rana, ya tambaya, "Alhaji, irin ina ne wannan? Kwana nawa yake yi?" Ya san sunayen da cibiyar binciken noma ta Samaru ke sa wa nata, su SAMPEA da SAMMAZ. Ya san farin wake ba ya haifar ja. Tun da aka kafa kasuwar ba a taɓa jin wanda ya shuka gero ya dawo yana zagin gona don ba ta ba shi dawa ba. Amma mutumin nan, da ya juyo ya shigo ta ƙofar gari, sai ya sauke wannan sani a bakin titi ya shiga gida da wani. Shi da bakinsa yake cewa shi ne mai iri, ita ce gona. To, an ji. Ya shuka mace, gona ta fitar da mace, sai ya ce gonar ce ba ta iya maza ba. Wannan gwaninta ba kowa Allah ya ba ba.

Wasu masu shisshigi sun so su ɓata mana lissafi. A 1827 Karl Ernst von Baer ya gano ƙwan haihuwa a jikin karya, ya nuna ita ma mace tana kawo nata. A 1876 Oscar Hertwig na Jamus ya kalli ƙwayar namiji da ƙwan mace suna haɗewa su zama abu guda a jikin wata halittar teku mai ƙaya. A 1905 wata Ba'amurkiya, Nettie Stevens, tana nazarin tsutsar da ke cin gari, ta gano cewa wani ɗan ƙaramin kuromosom da ke zuwa daga wajen uba ne ke raba namiji da mace. A 1956 aka tabbatar ɗan Adam yana da kuromosom 46, 23 daga uwa, 23 daga uba, ba ƙari ba ragi. Ƙwan uwa kullum X yake ɗauke da shi. Ƙwayar uba ce wata X wata Y, wadda Allah ya ƙaddara ta riga shiga ita ce ke kawo Fatima ko Muhammadu. Yau wajen shekara 120 ke nan da wannan labari, ana koyar da shi a kowace sakandaren da ke Dala. Duk da haka, je ka gidan suna. "Me aka samu?" "Mace ce." "Mace kuma? To, Allah ya raya." Ka saurari yadda muryar ke faɗuwa, ka dubi ragon, ka ji uwar miji tana jan ɗanta gefe: "Ɗana, yarinyar nan haihuwar mata ce a cikinta. Ka ƙara aure ko Allah ya ba ka magaji." Shekara 120 na bincike, 'yan kalmomin Hajiya suka share su. Wa ya isa ya ja da ilimi mai irin wannan ƙarfi?

Idan haihuwar ce ba ta zo ba gaba ɗaya, nan ma ya tanadi amsa tun kafin a tambaya: juya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kusan mutum ɗaya cikin shida yana fuskantar matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa, kuma likitoci sun daɗe da sanin cewa a kusan rabin ma'auratan da abin ya shafa akwai hannun namiji a ciki, ko shi kaɗai ko tare da matar. Hangum da ya kama mutum bayan balaga yana iya taɓa maraina. Ciwon sanyin da ba a warkar da kyau ba yana toshe hanya. Kumburin jijiyoyin maraina yana rage ƙwayoyin. Amma dubi rahamar da ilimin nan ya yi wa maza. Ita ce za ta sha rubutu, ta sha saiwa mai ɗaci, ta tsuguna kan hayaƙi, ta sayar da ɗan kunnenta ta kai wa boka, ta je asibiti a ɗura mata ruwa a mahaifa a ɗauki hoto tana cije leɓe. Shi kuwa abin da ake nema a wajensa ɗan samfuri ne a kwalba, aikin da bai kai na sayen kati ba. Sai ya gyara hula ya ce, "Likita, ni lafiyata ƙalau, ita dai a duba ta." Yana nufin yana iya kwanciyar aure, kuma wa zai tsaya yi wa babban mutum bayanin cewa wannan daban, haihuwa daban? Ya saki ta farko, ya saki ta biyu. Ta farkon ta auri wani, shekara ba ta zagayo ba ta rungumi ɗa. A nan ilimi mai rauni zai ji kunya. Namu kuwa ko gezau: ai jininsu ne bai haɗu ba.

Yanzu na zo inda yabon ke tsaya mini a maƙogwaro, amma dole in ƙarasa, don a nan ne ya yi aikinsa mafi girma. Ina nufin wabi.

Mace ta haihu lafiya. Yaro ya yi wata biyar yana dariya, ya yi ɓul-ɓul. Wajen wata na shida sai bayan hannunsa da na ƙafarsa su kumbura, ya kwana yana tsala ihu, ba a san inda za a taɓa shi ba. Idonsa ya yi rawaya, saifa ta taso, jini ya ƙare. Kafin yaye an kai shi makwanci. Na biyu haka, na uku haka. Ilimin kakanni bai taɓa rasa bayani ba. Yaro ɗaya ne ke zuwa yana komawa don ya wahalar da gida. Ko iska ce ta aure uwar. Ko nononta ne ba shi da kyau, a tatsa a jefa tururuwa a ciki a gani ko za ta fita da rai. Sai a ɗauki sabon jariri a ajiye shi kan juji na ɗan lokaci, a yi masa tsaga, a kira shi Ajuji ko Ajefas, wai a nuna wa mutuwa ba a damu da shi ba. Ban ga laifin uwar da ta yarda da wannan ba. Wadda ta binne uku za ta kama duk abin da aka miƙa mata. Yarabawa suna da abiku, Ibo suna da ogbanje, duk kuka ɗaya ne na mutanen da ba su da madubin duba jini. Kakanninmu suna da uzuri. Mu fa?

Tun 1910 likita James Herrick na Shikago ya bayyana ƙwayoyin jini masu siffar lauje a jikin wani ɗalibi ɗan tsibirin Grenada. A 1949 James Neel ya nuna yadda ake gadon wannan ciwo na sikila: sai yaro ya karɓi ƙwayar S daga uwa, ya kuma karɓi wata daga uba. Uwa ita kaɗai ba ta iya ba ɗanta sikila, ko da ta so. A 1954 Anthony Allison ya gano dalilin yawanta a ƙasashenmu, cewa mai ɗauke da S guda ɗaya yana da ɗan kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ce kusan kashi 24 cikin ɗari na 'yan Najeriya suna ɗauke da ita, kuma ana haifar jarirai wajen 150,000 da sikila duk shekara a ƙasar nan, fiye da kowace ƙasa a duniya. Idan AS, wato mai S guda ɗaya, ya auri AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na fitowa SS, wato mai sikila. Ba a jere ake rabawa ba, kowane ciki da nasa lissafin, shi ya sa wani gida zai haifi shida lafiya, maƙwabcinsa ya binne uku a jere. Auren zumunci halal ne, yana da daɗi, amma idan ƙwayar tana cikin dangi yana ƙara yiwuwar haɗuwarta.

Ba duk wabi ne sikila ba. Akwai zazzaɓi, akwai ƙyanda, akwai tamowa. Akwai kuma wanda ya fi kama da labarin yaro mai komawa: uwa mai jinin Rhesus nagetif, uba mai fozitif. Ɗan fari ya rayu, jikin uwar ya ɗauki jinin da ɗan ya gado daga ubansa a matsayin baƙo, sai ya riƙa yaƙar na bayansa tun suna ciki. Allura guda ce ke hana wannan, a yi wa uwa cikin awa 72 bayan haihuwa, kuma ana amfani da ita tun 1968. Mai sikila ma ba hukuncin kisa aka yanke masa ba. Gidan sauro, rigakafi, folik asid, penisilin tun yana jariri, yawan shan ruwa, da maganin haidiroksiyuriya ga wanda likita ya rubuta wa, sun kai da yawa jami'a da ɗakin aure. Amma duk wannan yana farawa ne daga ranar da uba zai miƙa hannunsa a ɗebi jini, ya yarda rabin abin daga jikinsa ya fito. Ilimin da nake yabo ya tsare masa mutuncinsa daga wannan ƙasƙanci. Je asibitin Murtala, ko na yara na Hasiya Bayero, ko na Malam Aminu Kano ranar ganin masu sikila, ka ƙirga uwaye a kan benci, ka ƙirga ubanni. Ubannin suna can suna neman kuɗin magani, wasunsu, Allah ya saka musu. Wasu kuwa suna neman wata matar da ba ta da wabi, ba tare da sun san cewa ɗaya cikin huɗu na 'yan matan da za su gani ita ma AS ce ba.

Har cikin da ba a haifa ba ilimin nan bai bari ya huta ba. Kada mai ciki ta fita da tsakar rana ko da almuru, aljanu za su musanya mata ɗa. Kada ta tsallake igiya, cibiya za ta naɗe wuyansa. Kada ta ƙura wa mummunan abu ido. Ka ga hikima: an riga an rubuta mata laifinta wata tara kafin a san ko akwai laifi. Aka haifi zabiya, ai wani abu ta yi, ko da yake sai uwa da uba duka sun ba da ƙwayar kafin yaro ya fito zabiya. Aka haifi yaron da wuyansa bai tsaya ba, saboda doguwar naƙuda ta hana ƙwaƙwalwarsa iska, ko shawara ta taɓa ta, ko ya zo da ƙarin kuromosom na 21 da aka gano a 1959, sai a ce ɗan ruwa ne, ita ce ta je wanka inda bai kamata ba. Babu mai tambayar wanda ya hana a kai ta asibiti sai da ta kwana biyu a kan gwiwa.

Babbar nasarar ilimin nan kuwa ita ce yadda ya ari rawani ya naɗa, har mutane suka ɗauka daga littafi ya fito. Alhali Alƙur'ani, a Suratus Shura, ya faɗa sarai cewa Allah ne ke ba wanda ya so mata, ya ba wanda ya so maza, ya haɗa wa wani duka, ya bar wani babu, har ma ya fara ambaton matan. A Suratun Nahli ya zargi mutumin da fuskarsa ke baƙi idan aka yi masa albishir da 'ya mace. A Suratul Insan ya ce daga gaurayayyen ɗigo aka halicci mutum. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin wani Balaraben ƙauye da ya zo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana zargin matarsa don ta haifi ɗa baƙi. Annabi ya tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye ne. Ya tambaye shi ko akwai mai ruwan toka a cikinsu, ya ce akwai. Da aka tambaye shi daga ina wannan ya fito, shi da kansa ya ce wataƙila daga wani kakansa ya jawo, sai aka nuna masa cewa ɗansa ma haka ne, aka hana shi kore yaron. Sai a 1866 Gregor Mendel ya buga sakamakon shukokin wake wajen 28,000 da ya rena a lambun gidan ibada na Brno, yana nuna yadda siffa ke ɓuya a ɗa ta ɓullo a jika. Ana karanta hadisin nan a makarantun zaure na cikin birni. Muna da unguwa guda mai suna Sharifai, mutanen da nasabarsu zuwa ga Annabi ta bi ta kan 'yarsa Nana Faɗima ne. Da ayoyin, da hadisin, da unguwar, duk ilimin nan ya tsallake su ya zauna a sahun gaba, mai gida ya idar da salla ya shiga gida ya ce wa matarsa ta kashe masa gida don ba ta haifi namiji ba. Sannu da ƙoƙari.

An ce yanzu ilimin nan yana cikin haɗari. A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu kan dokar gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano, wadda ta wajabta wa masu niyyar aure gwajin jinotayif, da na ƙanjamau, da na ciwon hanta, da na tunjere, ta kuma hana ɗaura aure ba tare da takardar asibiti ba. Abin da ya fi tayar wa masoyan ilimin nan hankali shi ne takarda biyu ake kawowa, ta amarya da ta ango, kuma harufan da ke kan ta ango ba sa canzawa don ubansa attajiri ne. Amma su kwantar da hankalinsu. Dokar a bakin ƙofar aure ta tsaya. Ba ta shiga ɗakin da aka riga aka ɗaura ba, ba ta ce a gwada maniyyin kowa kafin ya rubuta saki ba, ba ta san da zancen da ake yi a tsakar gida ranar suna ba. Matar da ta shekara bakwai ba ɓatan wata, da wadda ke goyon Ajuji a layin asibiti, da wadda ta haifi mace ta biyar a daren jiya a wani lungu na Gwammaja tana tsoron shigowar mijinta, duk suna hannunsa har yanzu.